Shin Ba'ar Siyasa Tana Wasa Hankali? Raddi Ga Masu Wannan Da'awa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tarukan ƙungiyoyin raya al'adu da ɗakunan malaman koleji da lise, tun daga Yamai har Damagaram, kuma saboda yawan maimaita ta har ta soma kama da karin magana. Cewa ake yi wai mutumin da ya saba shan ba'a a kan ra'ayinsa na siyasa, aka yi masa dariya a fada, aka zana shi a jarida, aka raɗa wa ɓangarensa sunan banza, ya kuma daure bai tayar da jijiyar wuya ba, to wannan ya shiga makarantar da ta fi kowace koyar da tunani. Wai zambo dutsen washi ne, hankali kuwa wuƙa. Daga nan sai a ɗora shawara: a bar ɗalibai su yi ta yaɓa wa juna magana, a bar matasa su caccaki juna a cikin wayoyi, da sannu za su goge. Wannan da'awa tana da daɗin ji, tana kuma da ɗan ƙamshin gaskiya, amma kuskure ce. Kuskuren nata kuwa ba ƙarami ba ne, domin waɗanda za su ɗanɗana kuɗarsa yara ne da aka damƙa wa malamai amanarsu.

Kada mai karatu ya ɗauka batun ya wuce. An rusa jam'iyyun siyasa a Nijar a watan Maris na 2025, amma ba'ar siyasa ba ta tafi tare da su ba. Ta bar dandalin gangami ta koma cikin WhatsApp da Facebook da TikTok, inda yaro ɗan shekara 15 yake sauraron gatse da izgili a rana guda fiye da abin da kakansa ya ji a shekara. Idan har jure wannan abu yana wasa hankali, to malamai su huta, aikinsu ya ƙare. Idan kuwa dakushe shi yake yi, to aikin nasu ya ninka.

Abin da masu da'awar suke kafa hujja da shi

Adalci ne a fara kawo maganarsu yadda suke son a ji ta. Hujjarsu ta farko ita ce fushi maƙiyin tunani ne, kuma wanda ya saba da tsokana yakan koyi danne fushinsa. Ta biyu ita ce masoyi yana ɓoye wa mutum aibinsa, abokin hamayya ne kaɗai yake tona shi, ga shi kuma Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa, sun kuma ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Ta uku, wadda suka fi tinƙaho da ita, ita ce Nijar ƙasar taubasantaka ce, inda Bagobiri yake tsokanar Bazabarme, Bafillace yake tsokanar Babarbare, kowa ya yi dariya a watse lafiya, don haka wai jinin ƴan ƙasar ya riga ya saba.

Ra'ayin ba sabo ba ne. A farkon ƙarni na 18 wani masanin falsafa na Ingila, Shaftesbury, ya yi rubuce-rubuce a 1708 da 1709 inda ya kare raha da ba'a a matsayin hanyar gwada ra'ayi, bisa tunanin cewa gaskiya ba ta tsoron dariya, ƙarya ce take rushewa idan an yi mata. Tun a zamanin aka mayar masa da martani, aka kuma tuna masa da wani mutum guda wanda labarinsa ya isa amsa. Wannan mutum shi ne Sokarat, wanda kowane ɗalibin ajin ƙarshe na lise ya san sunansa.

Darasin birnin Atina

Babu birnin da ya sakar wa ba'ar siyasa mara kamar Atina ta ƙasar Girka a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A can kowace shekara ana gasar wasan kwaikwayo na ban dariya, dubban mutane suna zaune, ana kiran manyan gari da sunayensu ana muzanta su. Idan akwai wurin da ya kamata a ga amfanin da ake faɗa, to nan ne. Abubuwa biyu da suka faru a shekaru biyu a jere sun isa a duba.

A shekara ta 424 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin wasa Aristofan ya fito da wasan da ake kira Barade (Les Cavaliers). A cikinsa ya ɗauki Kileyon, ɗan siyasar da ya fi kowa faɗa a ji a lokacin, ya mayar da shi bawa majemi, maƙaryaci, mai yaudarar tsohon ubangidansa, wato jama'ar gari, har sai da wani mai tallan naman hanji ya fi shi iya rashin kunya ya kore shi. Jama'a suka yi dariya, wasan ya zo na ɗaya a gasar. Ba a daɗe ba kuma mutanen garin suka zaɓi Kileyon cikin kwamandojin yaƙi goma na birnin. Shi bai sauya hali ba, su ma ba su sauya zaɓi ba. An sha dariya, an tashi, kowa yana nan inda yake.

Da shekara ta zagayo, a 423, Aristofan ya juya kan Sokarat a wasan Gizagizai (Les Nuées). Ya nuna shi a rataye cikin kwando yana leƙen sararin sama, yana da wata makaranta inda ake biyan kuɗi a koyi yadda ƙaramar hujja take kayar da babba, don mai bashi ya kuɓuce wa masu binsa. A ƙarshen wasan aka cinna wa makarantar wuta. Almajiran Sokarat sun shaida cewa ba ya karɓar kuɗin koyarwa, kuma aikinsa shi ne bin mutane da tambaya har su gane iyakar saninsu. Wani marubuci da ya zo bayan ɗaruruwan shekaru ya ruwaito cewa Sokarat yana cikin ƴan kallo, ya miƙe tsaye don baƙi su ga wanda ake nufi. Wannan ita ce juriyar da masu da'awa suke yabo, kuma ta cancanci yabo.

Sai dai mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, Sokarat yana da shekara fiye da 40 a lokacin, ya riga ya shahara da tambaya da bin diddigi, shi ya sa ma aka ga ya isa a yi wasa da shi. Hankalinsa ne ya ba shi ikon jure ba'ar, ba'ar ba ta ƙara masa komai ba. Na biyu, bayan shekara 24, a 399, aka gurfanar da shi gaban alƙalai wajen 500 daga cikin jama'ar gari, bisa tuhumar ƙin allolin birnin da lalata tarbiyyar matasa, aka yanke masa hukuncin shan guba. Almajirinsa Aflatun ya ruwaito cewa a gaban shari'a Sokarat ya nuna ya fi jin tsoron tsofaffin masu ɓata masa suna a kan waɗanda suka kai ƙararsa, ya kuma ambaci wasan Aristofan. Wato siffar da aka cusa wa mutane cikin raha tun suna yara ita ce suka zo da ita wurin shari'a suna manya. Wasan nan na uku ya zo a gasar, wato na ƙarshe, amma tabon da ya bari ya kai shekara 24.

To ina makarantar? Wanda aka yi wa ba'a da gaskiya bai gyaru ba. Wanda aka yi wa da ƙarya ya rasa ransa. Ƴan kallo kuwa, da suka sha wannan karatu shekara da shekaru, su ne suka zaɓi na farko suka kashe na biyu.

Kanta da hankali

Tushen kuskuren shi ne haɗa abu biyu da ba su da dangantaka. Hannun manomi yakan yi kanta saboda riƙon hauya, har ƙaya ta soke shi bai ji ba. Haka zuciyar wanda ya daɗe yana shan izgili takan yi. Amma tunani bisa hujja aiki ne da yake buƙatar mutum ya ji, ya ji inda maganar abokin hamayya ta taɓa gaskiya, ya yarda ta dame shi, ya koma ya sake auna abin da ya riƙe. Mutumin da ya horar da kansa kada wata magana ta shige shi ya toshe ƙofar da zagi yake bi, ya kuma toshe wadda hujja take bi, domin ƙofar guda ce. Kowa ya san irin wannan mutum a fada: an yi masa dariya shekara 20, bai taɓa yin fushi ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba. Wannan taurin kai ne da ya sha ado da murmushi.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada waɗannan abubuwa. A 1961 William McGuire na ƙasar Amurka ya nuna cewa idan aka gabatar wa mutum da raunanan hujjojin da suka saɓa wa abin da ya yarda da shi, aka kuma nuna masa yadda ake rushe su, sai ya ƙara ƙarfin tsayawa a kan ra'ayinsa idan babbar hujja ta zo daga baya. Ya kamanta abin da allurar rigakafi. Zambo kuwa shi ne mafi raunin siffar da hujjar abokin hamayya take iya zuwa da ita, domin an cakuɗa ta da ƙari da zagi. Wanda ya saba jin ra'ayin ɗaya ɓangaren a bakin ƴan gatse kaɗai ya sha rigakafin wannan ra'ayi, ko da kuwa ra'ayin gaskiya ne.

A 2018 Christopher Bail na jami'ar Duke da abokan aikinsa suka biya wasu Amurkawa kuɗi don su yi wata guda suna karanta saƙonnin ƴan siyasa da masu faɗa a ji na ɓangaren da suke adawa da shi a dandalin Twitter. Da watan ya cika, magoya bayan jam'iyyar Republican sun ƙara riƙau a kan ra'ayinsu, na Democrat kuwa ba a ga sun matso kusa da abokan hamayyarsu ba. Wannan fa ra'ayi ne kawai aka nuna musu. Ina ga an haɗa da cin fuska?

Binciken da ya fi shafar malamai shi ne wanda Leslie Janes da James Olson na ƙasar Kanada suka wallafa a 2000. Sun nuna wa wasu mutane hoton bidiyo inda ake yi wa wani ba'a, wasu kuma suka ga inda mutum yake yi wa kansa, wasu suka ga raha wadda ba ta taɓa kowa ba. Waɗanda suka ga ana muzanta wani sun fi sauran bin ra'ayin jama'a, sun kuma fi su tsoron yin kuskure. Ba su aka yi wa ba, kallo kawai suka yi. Bahaushe ya riga ya faɗi haka da ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. A ajin da yake da ɗalibi 60, idan aka yi wa guda dariya saboda ra'ayinsa, masu da'awa shi kaɗai suke kallo su ga ko zai daure. Sauran 59 kuwa sun riga sun ɗauki darasi, darasin kuwa shi ne a kama baki.

Dattawan malamai ba su buƙatar a je Kanada kafin su gane wannan. Sun san abin da ake kira sambol a lakkol ɗin zamanin mulkin mallaka da shekarun da suka biyo baya: wani ƙashi ko gwangwani ko guntun itace da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa ko Zabarmanci, ya yi ta yawo da shi ana yi masa dariya har ya kama wani ya miƙa masa. An ce don a goge bakin yara da Faransanci ne. Abin da ya fi koya musu shi ne yin shiru da leƙen asirin juna. Duk malamin da yake ganin dariyar aji za ta iya zama kayan koyarwa, sambol yake so ya maido da wani suna.

Taubasantaka da wasan kara

Saura hujja ta uku, wadda ta fi sauran shiga rai. Gaskiya ne taubasantaka dukiya ce, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2014 da sunan Nijar. Amma masu kafa hujja da ita sun manta da sharuɗɗanta. Taubashi ya san wanda yake da ikon tsokanarsa, alaƙa ce da aka gada, ba wanda ya ga dama ne yake shiga ba. Tsokanar tana tafiya ta dawo, wanda ya bayar yau gobe zai karɓa. Akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Abin da ya fi duka, a ƙarƙashin wasan akwai amana: taubashi ba ya cutar da taubashinsa, yana shiga tsakani idan rigima ta taso, har akwai kuɗin shara da ake bai wa juna a farkon shekarar Musulunci. Bagobiri yana dariya idan Bazabarme ya kira shi bawansa domin ya tabbata babu wanda zai zo da igiya.

Bugu da ƙari, taubasantaka ba ta taɓa cewa tana tantance gaskiya ba. Idan Bafillace ya ce Babarbare kaza ne, babu wanda yake tsayawa ya bincika ko haka ne. Kowa ya san ba haka ba ne, daɗin wasan ke nan. Aikinta kashe wutar gaba, kuma ta iya wannan aiki. Ba'ar siyasa kuwa so take a yarda da ita. Mai cewa wane ɓarawo ne cikin raha yana so a tashi da cewa wane ɓarawo ne. Kiran waɗannan abubuwa biyu da suna guda zalunci ne ga al'adar.

Haka wasan kara na Damagaram, wanda Inoussa Ousseini ya ɗauka a fim a 1980. Samari sukan ɗauki muƙaman manya, wannan ya zama sarki, wancan ya zama shugaban ƙasa ko wani babban jami'i, su kwaikwayi tafiyarsu da shigarsu da salon maganarsu a bainar jama'a. Wasan yana da lokacinsa, yana da ranar ƙarewa, kuma daga ƙasa yake duban sama: yara ne suke kwaikwayon masu iko. Ba a taɓa jin an shirya wasan kara don manya su taru su kwaikwayi almajiri ko gurgu ba. Wanda ya cire lokaci da iyaka da amana daga cikin waɗannan al'adu, ya bar tsokanar tsirara, bai riƙe komai na gado ba.

Inda aka cire waɗannan sharuɗɗa baki ɗaya, tarihi ya nuna inda abin yake kaiwa. A ƙasar Ruwanda, daga 1990, jaridar Kangura da ire-irenta sun cika shafukansu da zanen ban dariya da sunayen raini, ana kiran ƴan ƙabilar Tutsi kyankyasai. Daga 1993 gidan rediyon RTLM ya ɗora, da kiɗa da raha da barkwanci irin wanda matasa suke so. Agathe Uwilingiyimana malamar makaranta ce mai koyar da kimiyya, ta zama ministar ilimi a 1992, ta zama firaminista a 1993. An yi ta zana ta tsirara a irin waɗannan jaridu. Ta jure, ta ci gaba da aikinta. Ranar 7 ga Afrilu 1994 sojoji suka kashe ta, a farkon kisan kiyashin da ya ci rayuka wajen 800,000 cikin kwana 100. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta hukunta jagororin jaridar da na rediyon. Ba a cewa kowace zolaya can take nufa. Abin da ake cewa shi ne dariyar da ake maimaitawa a kan mutum tana rage masa daraja a idon masu yin ta, kuma juriyarsa ba ta hana wannan.

Wanda ya kamata ya saurara

Kada wani ya ɗauki wannan raddi ya kai wa masu son a rufe bakin mazambata. A 2010 Nijar ta soke hukuncin ɗauri a kan laifuffukan aikin jarida, a 2024 kuma aka maido da ɗauri a kan zagi da ɓata suna ta hanyar intanet. Ko wace doka ce take aiki, gidan kaso bai taɓa koya wa kowa tunani ba, mai zambon ko wanda aka yi wa. Akwai kuma mutum guda da ba'a take iya yi wa amfani na haƙiƙa, shi ne mai mulki, domin shi ne wanda fadawa suka kewaye, wanda gaskiya ba ta samun hanyar isa gare shi sai ta ɓuya cikin raha. Amma ko shi, amfanin yana ga sauraro, juriya kaɗai ba ta wadatar.

A watan Oktoba na 1979 jaridar barkwanci ta Faransa, Le Canard enchaîné, ta buga labarin lu'ulu'un da Bokassa na Afirka ta Tsakiya ya bai wa Valéry Giscard d'Estaing.  Giscard ya yi shiru na makonni, sa'an nan ya musanta cikin raini, ya nuna maganar ba ta kai ya tsaya mata ba. Ta fuskar juriya ya ci jarrabawa. Amma a cikin rahar akwai tambaya ta gaske wadda take neman amsa ta gaske, bai kuwa bayar da ita a kan lokaci ba, maganar ta bi shi har zaɓen 1981 da ya faɗi.

A gida ma an ga irin haka a 2009, zamanin tazarce. Jaridu masu zaman kansu sun yi ta zane da gatse, mutanen gari sun yi ta shaguɓe a tasha da kasuwa. A cikin wannan hayaniya akwai magana guda mai nauyi, cewa tsarin mulkin 1999 bai yarda a taɓa yawan wa'adin shugaban ƙasa ba, kuma kotun tsarin mulki ta faɗi haka ba da wasa ba. Aka rusa majalisar dokoki a watan Mayu, aka rusa kotun a watan Yuni, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, a cikin watan kuma aka ɗaure Abdoulaye Tiémogo na jaridar Le Canard déchaîné. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka kifar da gwamnatin. Watanni aka yi ɓangarorin biyu suna shan ba'ar juna safe da yamma. Da ba'a tana wasa hankali, da shekarar nan ta fitar da masana.

Aikin da ya rage wa malamai da ƙungiyoyi

Abin da yake horar da hankali aiki ne da ake yi wa zambo bayan an ji shi, kuma aiki ne da ake koyarwa kamar yadda ake koyar da nahawu. Malamin Hausa ya riga ya san bambancin zambo da habaici: zambo yana kama mutum da siffarsa yana ƙara gishiri, habaici yana jifa a kasuwa, mai shi ya san da wanda yake. Malamin Faransanci yana koyar da Voltaire da La Fontaine. Kayan aikin suna hannu. Abin da ya rage shi ne a kawo zane guda na jarida ko wani saƙon gatse da yake yawo a wayoyi, a ajiye shi gaban aji, a ce ɗalibai su raba shi kashi uku. Kashi na farko: mene ne a ciki da ake iya bincikawa a tabbatar ko a ƙaryata? Na biyu: ina aka yi ƙari don a ba da dariya? Na uku: ina zagi tsagwaronsa, wanda ya taɓa ƙabila ko halitta ko iyaye, wanda ba ya ɗauke da wata magana? Sau da yawa za a tarar kashin farko jimla guda ce tak, wani lokaci ma babu ita. Ɗalibin da ya iya tsamo wannan jimla ya auna ta, ko da a kan ɓangaren da yake so aka yi ta, shi ne ya soma tunani.

Sa'an nan a kafa ƙa'ida a kulob ɗin muhawara: babu wanda zai soki ra'ayin abokinsa sai ya fara faɗin ra'ayin da bakinsa, har mai shi ya yarda cewa haka yake nufi. Wanda ya iya wannan an ba shi izinin raha, domin ya san abin da yake yi wa dariya. A kuma riƙa sa kowane ɓangare ya shirya barkwanci a kan kansa, tun da binciken da aka ambata ya nuna irin wannan raha ba ta sa ƴan kallo tsoro. Malami kuwa ya haramta wa kansa abu guda har abada, wato ya sa aji ya yi wa ɗalibi dariya saboda amsar da ya bayar, domin shi ne mai iko a ɗakin, kuma ba'ar da ta gangaro daga sama zuwa ƙasa danniya ce ko da an yi ta da fara'a.

Ƙungiyoyin raya al'adu su ma suna da nasu kason. Idan za su shirya bikin taubasantaka ko wasan kara a gidajen matasa, kada su tsaya ga tsokanar kaɗai. Su gayyato dattawa su bayyana wa yara sharuɗɗan: wa yake wasa da wa, me ya sa, ina iyaka, wane hakki ne yake kan taubashi ranar da ɗan'uwansa ya shiga uku. Yaran da suke girma da waya a hannu sun gaji tsokanar, ba su gaji amanar ba, kuma babu mai koya musu ita idan waɗannan ƙungiyoyi ba su yi ba.

Masu cewa a bar yara su sha ba'a har su goge suna neman a sauke wa malami nauyin da yake nasa ne a ɗora wa ƴan gatse. Mutanen Atina sun yi shekaru suna wannan gwaji da marubutan da suka fi na kowane zamani iya ban dariya, sakamakonsa kuma yana rubuce a littattafan da ake karantarwa a ajin ƙarshe na lise. Ya kamata masu karantar da su su zama na farkon ɗaukar darasin.